Laimar Ba-Ragi

Abin da Ba-Ragi ta rasa a tafiyar bishara abu biyu ne: laimar marigayi mijinta, da kujerar Uwar Zumunta, shugabancin matan coci, wadda har ta ɗinka sabon zanen da za ta hau ta da shi. Abin da ta samo kuwa haƙori ne guda, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, kuma ba nata ba ne. Har gobe in ka tambaye ta za ta ce maka ita ta ci riba. Kada ka ja da ita, bakinka zai bushe a banza.

Gwauruwa ce, 'yar gwanjo, mai rumfa a bakin layin masu tufafi. Sunan ba iyayenta suka raɗa mata ba, kasuwa ce. Tun da take ba ta taɓa rage wa mai saye ba, ba ta kuma taɓa biyan abin da mai kaya ya fara faɗa ba. Ranar da mijinta ya rasu sai da ta share hawaye ta je ta taya akwatin gawa, har kafinta ya fi masu makoki kuka.

Laimar kuwa baƙa ce, ƙatuwa, da mariƙin katako mai lanƙwasa, ga faci nan da can wanda marigayin ya yi da hannunsa, don tela ne. A ƙarƙashinta take zama a kasuwa, da ita take nuna kaya, da ita take korar awaki, da ita kuma take ƙwanƙwasa benci a coci idan wa'azi ya yi tsawo. Mutane da dama sun taya. Amsar ɗaya ce: "Albarka. Wannan ba ta sayarwa ba ce."

Wata Lahadi Fasto ya sanar cewa akwai wani gidan marayu a ƙasar da ke ƙetaren iyaka, suna bukatar hannu. Zumuntar mata ta tara riguna, takalma, sabulu, fensir da alewa. A daidai lokacin ne tsohuwar Uwar Zumunta ta ce gwiwoyinta sun gaji, a nemi wata. Masu neman kujerar biyu ne: Ba-Ragi, da Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma har yanzu take kallon kowa ta saman tabarau kamar bai yi aikin gida ba.

"Sai mun dawo a yi zaɓe," in ji Matar Fasto. "Aikin da kowa ta yi a can shi zai yi mata magana."

Ba-Ragi ta ƙwanƙwasa benci. "To an gama. Mama, ku fara goge kujerar."

Malama ta sauke tabarau. "'Yar'uwa, ke da ba ki jin yarensu, naki ma ba ki karanta shi, me za ki koya wa yaran mutane?"

"Abin da ya fi alli, Malama. Ke kin koyar da yara sun fito suna neman aiki. Ni in na koyar, aiki ke neman su. Kuma ciniki ba shi da yare. Ni na sayar wa gajere wandon dogo, ya tafi yana godiya, har yau yana jiran ya ƙara tsawo."

Aka hau motar coci. Direba ya ce a ɗaure laima a sama tare da kaya, Ba-Ragi ta ce sai dai a ɗaure shi. Haka aka tafi, duk ramin da mota ta faɗa sai tsinin laima ya zunguri ƙeyarsa.

A kan iyaka ma'aikaci ya buga mata hatimi a fasfo ya turo mata. Ta duba, ta mayar masa.

"Guda ɗaya tak? Duk wannan layin da na bi? Ba gyara?"

Fasto ya matso yana raɗa. "Mama, don Allah. Ba tumatir ba ne."

"Baba Fasto, kai ka san wa'azi, ni na san mutane. Bar ni da shi."

Sai da Matar Fasto da Nas, mai jinyar da ke cikin tafiyar, suka kama ta hagu da dama suka mayar da ita mota, tana waiwaye tana cewa wannan yaron ko an ba shi jari ba zai yi kasuwa ba.

Suka isa ana yayyafi. Gidan dogon gini ne mai baranda, da ɗakin kwana cike da gadajen ƙarfe, ga bokitai da robobi an jera a ƙasa suna tarar ɗigon rufi. Can baya akwai ɗakin girki mai manyan tukwane, da ɗakin ajiya mai taga ɗaya. Uwar Marayu, wata doguwa mai tarin makullai a ƙugu, ta tarbe su da lemon kwalba. Kusa da ita akwai Tafinta, wata ma'aikaciyar gidan da ta taɓa zaman aure a ƙasar baƙin, ita ke juya magana.

Aka raba aiki. Nas za ta duba lafiyar yara, Fasto da Direba za su yi fentin ƙofofi, Malama za ta koyar da waƙar maraba, don ranar ƙarshe Babban Fasto na yankin zai zo ya ga aikin. Ba-Ragi aka danƙa mata makullin ɗakin ajiya da rabon kaya.

Tana juya makullin ta ji ana shafa laimarta. Wata yarinya ce da ba ta fi laimar tsayi ba, da ƙaramar ƙanwarta riƙe da gefen rigarta. Haƙorinta ɗaya na gaba ya fita, na kusa da shi yana girgiɗi, tana tura shi da harshe tana kallon laimar kamar mai lissafi.

"Ke Giɓi, sauke hannu," in ji Ba-Ragi. Sunan ya bi ta ke nan.

Matar Fasto ta ce a jera yaran a ba kowa abin da ya yi masa daidai, shi ke nan. Ba-Ragi ta dafe ƙirji.

"Haka kawai? Mama, kyauta ke kashe zuciya. Mun tafi, riga ta yage, sai me? Ni zan bar musu abin da ba ya yagewa."

Ashe tun da ake shan lemo take tsince murafan kwalaben tana ƙullewa a gefen zane. Ta fito da su ta zube a tebur. Ta sa Tafinta ta yi shela: daga yau waɗannan su ne kuɗin gidan nan. Wanda ya yi shara a biya shi, wanda ya ɗebo ruwa a biya shi, sa'an nan ya zo taga ya sayi abin da ransa ke so.

Ta tara su a baranda ta buɗe makaranta. Ta nuna musu yadda ake dafe ƙirji a ja da baya in an faɗi tsada. Ta nuna musu yadda ake lalube riga a nemo mata aibu ko da ba ta da shi. Ta nuna musu tafiyar ƙarya, wadda za ka juya baya ka yi taku a hankali, kunne yana baya yana jiran kira. Ta cusa musu kalmomi daga bakinta: "Nawa?" da "Ƙara dai."

"Faɗa musu wannan da kyau," ta ce wa Tafinta, tana ɗaga laima. "In mai kaya ya ce a'a, ba a'a yake nufi ba, ƙari yake nema. Je ka ƙaro ka dawo. Sa'an nan alkawari ba kaya ba ne. Abin da ke tafin hannunka shi ne naka."

Giɓi ta tura haƙorinta da harshe, ta gyaɗa kai.

Kai, da farko abin ya yi kyau! Tsakar gida ta yi tas har ka ɓarar da gari ka kwashe. Randuna suka cika. Yara na layi a taga suna dafe ƙirji suna tafiyar ƙarya, Ba-Ragi na ciki tana washe baki. Wurin cin abinci ba ta bar kowa ya haɗiye loma cikin salama ba.

"Malama, ya waƙa? Sun kama baiti ɗaya kuwa? Nawa ɗaliban har sun fara gane rigar da aka taɓa yi wa faci."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai," in ji Malama.

"Ai ta yi, har yana ɗiga."

Sai murafan kwalba suka yi kaɗan, don yara sun fi su yawa. Wani mai kumatu ya zo taga da murfin gwangwanin madara. Tafinta ta tambaya ko wannan ma yana ci.

"Murfi ai murfi ne," in ji Ba-Ragi. "Babba kuwa ya fi ƙarami daraja, ko a kasuwar aljanu." Ta miƙa masa takalmi sau ciki.

Yaran suka dubi juna. Suka watse.

Kafin rana ta yi tsaka Mai-Girki ta fito tana ihu da ludayi a hannu: tukunyar shinkafa ba murfi. Ta rufe da tire, ta juya ta ɗauko gishiri, tire ma ya yi ƙafa. Ranar an ci shinkafa mai ƙaras-ƙaras kamar ana taunar tsakuwa.

Nas ta zura hannu a jaka ta fito da shi shuɗi har wuyan hannu, don kwalbar maganin gyambo ta kwana a buɗe a kan farar rigarta. Fasto ya ja baya ya ga ko fentin ƙofa ya yi, ya zauna a kan abin da ya ɗauka rufaffen bokiti ne, ya tashi da koren ɗuwawu. Bironin Malama duk suka bushe, tururuwa suka yi sansani a man shafawarta. Kaza ta faɗa duron ruwa, aka tsamo ta tana tari. Direba ya leƙa injin mota, ya ga can ma an kwance murfi, ya yi salati irin nasa, ya ɗauko sanda ya hau kan bonet ya zauna gadi.

"Ɓeraye ne," in ji Uwar Marayu ta bakin Tafinta.

"Ba ɓera ba ne, iska ne," in ji Direba. "Baba Fasto, a yi addu'a mai ƙarfi."

Malama ta dubi Ba-Ragi ta saman tabarau. "Wane irin ɓera ne ke barin shinkafa ya ɗauki murfi?"

"Ɓeran ƙasar waje ne, Malama. Kin san halinsu ne? Ko shi ma kin koyar da shi?"

Ta faɗi haka ne alhali ɗakin ajiya ya cika da murafa har bayan ƙofa. In ta fito da su, asiri ya tonu, kujera ta tafi. Sai ta yi dabara irin ta manya: ta dinga biyan yaran da su a kan kowane ɗan aiki don ta rabu da su. Wanda ya yi mata fifita, ga murfin buta. Wanda ya miƙo mata takalmi, ga murfin tukunya, tafi da shi can nesa. Su kuma su zagayo ta taga su sayi kaya da su. Haka murafa suka dinga shiga suna fita har riga ta ƙarshe ta tafi, alewa ta ƙare, sabulu ya ƙare. Ta tura musu sauran murafan ta taga, ta karkaɗe hannu.

"Kasuwa ta tashi. Kowa ya kama gabansa."

Ta fito ta zauna a baranda tana jin daɗin kanta. Ba ta gama miƙe ƙafa ba sai ga Giɓi da babbar roba a ka, yaran gidan kaf a bayanta. Ashe sun haɗa dukiyarsu wuri ɗaya. Ta sauke robar a gaban Ba-Ragi, ƙwaram. Ta ɗaga laimar ta gefe, ta lalubo wani faci, ta taɓe baki. Sa'an nan ta ce, "Nawa?"

"Albarka! Wannan ba ta sayarwa ba ce. Tafinta, gaya mata."

Tafinta ta gaya mata. Giɓi ta yi murmushi har giɓinta ya fito, ta gyaɗa kai, suka juya da gudu. Jim kaɗan suka dawo da murfin babbar tukunyar da ake dafa wa gida duka, yara biyu na ɗauke da shi.

"Na ce a'a!"

Suka sake juyawa da murna. Suka dawo da murfin akwatin Malama, an kwance shi tsaf daga maɗaurinsa.

"Wai ba ki faɗa musu daidai ba ne?"

"Na faɗa, Inna," in ji Tafinta. "Sun ce sun gane. Ƙari kike nema."

"Wa ya ce musu haka?"

"Ke, Inna. A nan wurin. Har kina ɗaga laima."

Wanzami ba ya son jarfa. Ba-Ragi ta rungume laimarta ta shige ɗaki.

Daga nan gida ya rikice. A ce wa yaro zo ka yi wanka, sai ya ce, "Nawa?" A ce buɗe baki ka sha magani, sai ya dafe ƙirji ya ja da baya. Fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a, suka rufe ido ɗaya-ɗaya, suka miƙo hannu don na biyun. Malama kuwa ta tsayar da su a layi, ta ɗaga sandarta, suka rera layin farko na waƙar maraba da murya mai daɗi kamar mala'iku, suka tsaya cak.

"Ƙara dai," suka ce gaba ɗaya.

Malama ta jefar da sanda ta nufi Matar Fasto. "Mama, kin ga abin da 'yar gwanjon nan ta yi? Gobe Babban Fasto zai zo, ta mayar mana da marayu dillalai!"

"Gara dillali da ɗan kallo," in ji Ba-Ragi daga ƙofa.

"To dillalanki za su yi waƙar?"

"Za su yi har da rawa. Ku bar ni da su. In gobe yaran nan ba su rera waƙar nan daga kai har wutsiya ba da zarar na ɗaga hannu, Malama, ɗauki kujerar, har da matashin."

"Mama, kin ji da kunnenki," in ji Malama.

"Na ji," in ji Matar Fasto, tana shafa goshi.

Ba-Ragi ta ja Giɓi bayan ɗakin girki tare da Tafinta. Ta sassauta murya ta ce in suka yi waƙa gobe, in ta koma gida za ta aiko musu da alewa buhu guda. Giɓi ta saurara har ƙarshe. Ta buɗe tafin hannunta, ta duba, ta juya shi, ta duba bayansa, ta hura. Ta tafi abinta.

"Ta ce alkawari ba kaya ba ne," in ji Tafinta.

"Na ji! Ba sai kin juya wannan ba."

Amma Ba-Ragi ba ta karaya ba. Ta ce yaro yaro ne, da zarar sun ga babban mutum da babbar riga, kunya za ta buɗe musu baki.

Washegari aka jera kujeru a tsakar gida, maƙwabta suka cika wurin. Aka fito da akwatunan lemon baƙi, sai aka tarar kowace kwalba baki buɗe, ƙudan zuma sun riga kowa zama. Hanyar ƙofa kuwa ta yi taɓo, Ba-Ragi ta ce a shimfiɗa doguwar darduma daga bakin ƙofa har kujerar baƙo. Ita ta tsaya a kai tana ba da umarni, idonta na kan titi, ba ta dubi ƙasa ba ko sau ɗaya.

Mota ta tsaya. Babban Fasto ya fito, wani dattijo mai furfura da fara'a. Yayyafi ya soma. Ba-Ragi ta ture Fasto gefe, ta buɗe laima a kan baƙo, ta shiga gabansa tana tafiya da baya-baya don kowa ya ga fuskarta.

"Sannu da zuwa, Baba! Tafinta, gaya masa ni ce wadda ta gyara gidan nan. Da na zo yaran nan ko..."

Ba a ji ƙarshen maganar ba. Darduma ta lotsa, Ba-Ragi ta nutse har ƙugu cikin ramin ruwan wanke-wanke. Murfin ramin, wani faifan ƙarfe mai nauyi, tun safe yara suka mirgina shi suka ƙara a kan dukiyarsu. Ruwan kumfa da guntun shinkafa ya yi tsalle ya sauka a takalman baƙo. Ita kuwa hannunta na sama, laima a buɗe, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Ƙudan zuma kuwa suka ci gaba da shan lemonsu.

Daga cikin ramin Ba-Ragi ta ɗaga ɗaya hannun ta yi wa yara alama. "Waƙa! Ku fara!"

Ba wanda ya buɗe baki. Maimakon haka layin yaran ya dare, sai ga Giɓi a gaba, ana turo baro a bayanta. Suka juye shi a bakin ramin. Murafan tukwane, na duro, na buta, na fenti, na magani, na injin mota, faifan ramin kansa, duk suka zube da ƙara kamar maƙera ta rushe. A can sama kuma ga wasu faya-fayan ƙafar mota masu sheƙi, da murfin tankin mai.

Direban baƙo ya waiga ya dubi motarsa, ya ɗora hannu a ka.

"Tukunyata!" in ji Mai-Girki.

"Akwatina!" in ji Malama. "Ga ɓeran ƙasar waje, jama'a, ga kuma uwarsu a rami!"

Maƙwabta suka fashe da dariya har wasu na faɗowa daga kujera. Matar Fasto ta sunkuyo ta ce a hankali, "Mama Ba-Ragi, zancen kujera dai..."

"Na sani, Mama. Kada ki ƙara mini ruwa, ina cikin wani."

Fasto da Direba suka miƙo hannu za su jawo ta. Giɓi ta riga su. Ta tsuguna a bakin ramin, ido cikin ido, ta nuna laima.

"Nawa?"

Ba-Ragi ta kaɗe hannun Fasto. "Dakata, Baba Fasto. Ba a tashi ana tsakiyar ciniki." Ta gyara tsayuwa cikin kumfa. "Tafinta, tambaye ta. Yarinya kamar wannan me za ta yi da laimar da ta fi ta tsayi?"

Giɓi ta yi magana, tana nuna ɗakin kwana, tana nuna ƙanwarta da ke riƙe da rigarta.

"Ta ce rufi yana ɗiga daidai kan gadon da suke kwana. In an ɗora roba a gado, ƙaramar ta shure ta cikin barci. In an ja gadon, can ma ɗigo ne. Ta ce ta auna da ido tun ranar da kuka zo, laimar za ta rufe su su biyu."

Dariya ta lafa. Babban Fasto ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi Uwar Marayu wani abu, ta amsa tana sunkuyar da kai. Ya yi magana da ƙarfi don kowa ya ji.

"Ya ce za a sa wa ɗakin kwana sabon kwano," in ji Tafinta.

Jama'a suka yi tafi, Fasto ya ce haleluya. Ba-Ragi ta dafe ƙirji da jiƙaƙƙen hannu.

"Ɗakin kwana kaɗai? Baba, dubi girman rigarka. Ƙara dai."

"Mama!" in ji Fasto.

Dattijon ya yi dariya har da hawaye da aka juya masa, ya ƙara da ɗakin girki. Ba-Ragi ta yi yunƙurin tafiyar ƙarya, ta tuna ba inda za ta taka, ta haƙura.

"To kin ji, Giɓi. Rufi na zuwa. Kwashe tarkacenki, laima ta tsira."

Giɓi ta dubi Babban Fasto sama da ƙasa. Ta buɗe tafin hannunta, ta duba, ta juya shi, ta hura.

Tafinta ta buɗe baki.

"Kada ki juya," in ji Ba-Ragi. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙaramar da ke tsotsar yatsa, ta ɗaga kai ta dubi facin marigayi ɗaya bayan ɗaya. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. "Shekara da shekaru ina neman wadda za ta gaje ni a rumfa, ashe tana ƙetaren iyaka ba haƙora. To zauna, mu yi ciniki na gaskiya."

Aka yi shi kuwa, jama'a na kallo kamar dambe. Giɓi ta ce murafa duka. Ba-Ragi ta ce waɗannan ai na masu su ne, a mayar kowanne bakin tukunyarsa, wannan ko buɗe baki bai kai ba. Giɓi ta ƙara da rabin waƙa. Ba-Ragi ta ce albarka. Giɓi ta miƙe ta yi tafiyar ƙarya mai kyau, taku a hankali, kunne a baya, har sai da Ba-Ragi ta ji bakinta ya kira ta da kansa. Ta dawo ta nuna faci. Ba-Ragi ta ce facin nan ya fi laimar tsada. Giɓi ta ce waƙa duka, da wanka, da shan magani ba "nawa". Sai da aka kai nan Ba-Ragi ta gyaɗa kai.

"Saura gyara," ta ce. "Ni ba na rufe ciniki ba gyara. Ko a kan iyaka sai da na nema."

Tafinta ta juya. Giɓi ta lalube aljihu, ba komai. Ta dubi tarin murafa, ba nata ba ne kuma. Ta tura haƙorin nan da harshe tana tunani. Sai idonta ya yi haske. Ta sa yatsa biyu a baki, ta runtse ido, ta fizge. Ta goge shi a riga, ta ajiye a tafin hannun Ba-Ragi, ta washe baki, giɓi ya zama biyu.

Ba-Ragi ta ɗaga shi sama ta duba ta kowane gefe, ko za ta samo masa aibu. Ba ta samu ba. Ta ƙulle shi a gefen gyalenta, ƙulli biyu. Ta shafa mariƙin laimar sau ɗaya, ta juya shi wajen yarinyar, amma ba ta saki ba tukuna.

"Malama, ke mai karatu, buɗe kunne, kada gobe ki hau kujera ki ce na yi kyauta. Baba Fasto, ka shaida. Tafinta, juya da ƙarfi har na bayan katanga su ji. Laimar marigayi ta tafi a kan kowane murfi ya koma mazauninsa, da wanka ba gardama, da waƙa daga kai har wutsiya, da haƙori guda gyara. Na sallama."